Yadda Ake Amfani da Rini Mai Ƙyalli Don Rarrabe Rayayyun Ƙwayoyin Jini da Matattu

Ɗalibai da dama a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma suna gina bincikensu a kan itatuwan magani irin su sabara da marke da bagaruwa. Sukan nuna cewa ruwan ganyen ya hana ƙwayar cuta tsiro a faranti, sai a tsaya nan. Tambayar da ke biye, wadda duk mai duba aiki da gaske zai yi, ita ce: ƙwayoyin jikin mutum fa, su ma yana kashe su? Hanya mafi sauƙin amsa wannan a ɗakin gwaje-gwajen da ba shi da manyan injuna ita ce a ware fararen ƙwayoyin jini, a zuba musu abin da ake gwadawa, a shafa musu rini biyu masu ƙyalli, sannan a ƙirga a madubin likita.

Rini na farko shi ne akiridin oranj, wanda ake taƙaitawa AO. Yana ratsa tantanin kowace ƙwaya, rayayya ko matacciya, ya liƙe wa DNA da ke cibiyarta. In aka haska shi da shuɗin haske sai ya mayar da kore, a wajen nanomita 525. Na biyu shi ne furofidiyam ayodaid, wato PI. Shi ba ya iya ratsa lafiyayyen tantani. Sai ƙwayar ta mutu tantaninta ya huje yake shiga, ya ba da jan haske a wajen nanomita 617. Inda suka haɗu a cibiya guda, PI yana shanye hasken AO, don haka matacciyar ƙwaya takan fito ja ko ruwan lemo. Iyakar ilimin da kake buƙata kafin ka fara ke nan. Saura duk hannu ne da lura, kuma yawancin sakamakon da ke lalacewa ba daga rinin matsalar take ba, daga rashin samfuran shaida ne, wato waɗanda ake kwatanta sakamako da su, da barin gilashi ya daɗe a haske.

Kayan da za ka tanada

- Madubin likita mai fitilar ƙyalli, da ruwan tabarau na 10× da 40×.
- Garin AO da garin PI, ko ruwansu da aka riga aka haɗa.
- Ruwan PBS, wato ruwan gishiri mai riƙe ma'aunin tsami (pH), mai pH 7.4.
- Ficoll-Paque ko Histopaque-1077, ruwan da ake ware ƙwayoyi da shi, mai nauyin giram 1.077 a kowace mililita.
- Ruwan abincin ƙwayoyi RPMI-1640, da ruwan jinin ɗan maraƙi, da fenisilin haɗe da sitiraftomaisin.
- Injin juya jini mai kofuna masu lilo, da inkubeta mai riƙe digiri 37.
- Fifet na maikirolita 1 zuwa 10, da na 100, da na 1,000, tare da bakunansu.
- Kwalaben jini masu hefarin (maganin hana jini daskarewa), bututun roba na ml 15 mai tsinin gindi, da ƙananan bututu na ml 1.5.
- Gilashin ƙirga na Neubauer da ruwan Türk, mai fasa jajayen ƙwayoyi ya rina farare don ƙirga.
- Sabbin gilasan silaid da murafunsu na milimita 22.
- DMSO (ruwan narkar da abin gwaji), matata mai ramin maikiromita 0.22, takardar alminiyam ta nannaɗe abinci, safar hannu ta naitirayil, da kwalbar zuba ragowar rini.

Batun madubi yana son a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ake fara yin asarar kuɗi. Ba fitila kaɗai za ka duba ba, ka duba matatar hasken da ke gaban idonka. Akwai matata mai barin kore kaɗai ya wuce, akwai kuma mai barin duk wani haske daga kore har zuwa ja, wadda za ka ga an rubuta LP a jikinta, kamar LP 515. Ta biyun kake so. Da ta farkon, matattun ƙwayoyi za su dushe ko su ɓace gaba ɗaya, ka ƙirga rayayyu zalla, ka rubuta cewa maganinka ba ya da illa. Idan mai kore kaɗai ke gare ka, dole ka sami matata ta biyu mai haskawa da koren haske ta nuna ja, ka riƙa duba kowane fili sau biyu.

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta a 2011 kan amfani da madubi mai fitilar LED wajen gwajin tarin fuka, irin wannan madubi ya yawaita a ɗakunan gwajin majina. Shuɗin haskensa yana iya tayar da AO. Amma kafin ka nemi izinin amfani da shi, gwada shi da matattun ƙwayoyi ka ga ko ja yana fitowa, kuma ka tuna wurin aikin majinar masu tarin fuka ne, da dokokinsa. Tsohon madubi mai fitilar makuri kuwa yana son minti 10 zuwa 15 kafin haskensa ya daidaita, kuma in wuta ta ɗauke ba a sake kunna shi sai ya huce, wajen rabin awa. A garin da wuta ke wasan ɓuya, kar ka kunna shi sai a kan inbata ko janareton da ka tabbatar da mansa.

1. Izini da zaɓen mai ba da jini

Kafin a huda kowa da allura, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ko na Ma'aikatar Lafiya ta jiha ya amince, kuma mai ba da jinin ya sa hannu bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Ko da abokin karatunka ne.

Zaɓi baligi mai lafiya, wanda ba ya kan wani magani. A yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, a kuma san rukunin jininsa na gado. AA ya fi sauƙin aiki. Dalilin a fili yake. Jar ƙwayar jini da ta nuna ba ta da cibiya, shi ya sa rinin ba ya kama ta. Amma ƙwayar maleriya da ke cikinta tana da nata DNA, za ta fito a matsayin ɗan ɗigon kore. Jinin mai amosanin jini kuma yakan zo da jajayen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, wasu da cibiyarsu, kuma sukan maƙale a saman ruwan warewa su cakuɗe da farare. Mililita 6 ta isa ƙaramin gwaji. A fara aiki da jinin cikin awa biyu, kuma kar a sa shi a firji ko a bar shi a mota cikin rana.

2. Haɗa rini

Auna mg 10 na garin AO ka narkar a ml 10 na tataccen ruwa. Yi haka ga PI a wata kwalbar daban. Kowanne ya zama mg 1 a ml. Sa takunkumi da safar hannu lokacin awo, ka kashe fanka, domin garin ba shi da nauyi, kuma duk abin da ke liƙe wa DNA ba a wasa da shi. In ma'auninka ba ya karanta mg 10 da kyau, gara ka sayi wanda aka riga aka narkar.

Rarraba kowanne a ƙananan bututu, ka nannaɗe da takardar alminiyam, ka rubuta suna da kwanan wata, ka ajiye a firji tsakanin digiri 2 da 8. Hikimar rarrabawar ita ce in ɗaya ya gurɓace ko ya sha haske, saura na nan.

Ruwan aiki kuma a ranar ake haɗa shi: maikirolita (µl) 100 na AO, µl 100 na PI, µl 800 na PBS. Wannan ya ba ka maikirogiram (µg) 100 a ml na kowane rini.

Idan babu PI, etidiyam buromaid da ake amfani da shi a ɗakunan gwajin DNA yana yin wannan aikin a daidai wannan ma'auni, sai dai an fi tsananta dokar riƙe shi da zubar da shi. Idan babu ƙwayar PBS ta sayarwa, haɗa naka: NaCl giram 8, KCl giram 0.2, Na2HPO4 giram 1.44, KH2PO4 giram 0.24, a cika lita ɗaya da tataccen ruwa, a daidaita pH zuwa 7.4, a dafa a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi. Ruwan burtsatse ko na leda ba ya shiga wannan lissafi. In injin tace ruwa ya lalace, ruwan haɗa allura na kantin magani zai narkar maka da rini. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya yana iya wanke ƙwayoyi in an matsu, amma kar ka shafa rini a cikinsa, saboda ba ya riƙe pH, launin AO kuwa yana bin pH.

3. Ware fararen ƙwayoyi

Fito da Ficoll ko Histopaque daga firji da wuri. An tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 18 zuwa 20, kuma nauyinsa yana canzawa da zafi. In ya yi sanyi da yawa, jajayen ƙwayoyi ba sa nutsewa da kyau. In ya yi zafi, fararen da kake nema su bi su ƙasa. A bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska ya zarce wannan nesa ba kusa ba, don haka a yi wannan mataki da sassafe ko a ɗaki mai sanyi.

Gauraya jini da PBS daidai wa daida, ml 6 da ml 6. Zuba ml 3 na ruwan warewa a kowane bututu biyu na ml 15. Karkata bututun, ka ɗora bakin fifet a bangonsa, ka saki ml 6 na jinin a hankali ya kwanta a kan ruwan ba tare da sun gauraya ba. Ya kamata ka ga layi tsaf tsakanin ja da fari. In layin ya dagule, aikin ya ragu tun kafin a kunna inji.

Juya a ƙarfin 400 g, wato ninki 400 na ƙarfin jan ƙasa, na minti 30, birki a kashe. Lura cewa g daban, adadin juyi a minti daban, kuma injuna da yawa juyin suke nunawa. Auna tsawon daga tsakiyar injin zuwa gindin bututu da santimita. In santimita 15 ne, 400 g ya kama wajen juyi 1,550 a minti, 300 g kuma wajen 1,350. Lissafin shi ne g daidai yake da 0.00001118 sau tsawon, sau juyin, sau juyin. Ƙaramin injin da ba a iya kashe birkinsa, ko mai riƙe bututu a karkace, yakan dama layin. In shi kaɗai ke akwai, rage gudunsa sannu a hankali da hannu a ƙarshe maimakon ka kashe shi farat ɗaya.

Bayan an tsaya za ka ga hawa huɗu: ruwan jini mai ruwan ɗorawa a sama, siririn farin zobe kamar yanar da ke kwantawa a kan dafaffiyar madara, ruwan warewa garau, sai jajaye a ƙasa. Zoben kake so. Zuƙe shi da fifet ba tare da ka kwaso ruwan ƙasa da yawa ba, domin shi ma yana cutar da ƙwayoyi in sun daɗe a ciki. Ƙara PBS ya kai ml 10, juya a 300 g na minti 10, zubar da ruwan sama, ka maimaita sau ɗaya. Sannan ka narkar da dunƙulen da ke gindi a ml 2 na RPMI, da ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa da kuma zuƙa da saki a hankali. Injin girgiza bututu ba na wannan wuri ba ne.

Wanda bai sami Ficoll ba yana iya fasa jajayen ƙwayoyi da ruwan NH4Cl giram 8.02, KHCO3 giram 1, da EDTA mg 37 a lita ɗaya. Kashi ɗaya na jini, kashi goma na ruwan, minti 5 zuwa 10, sai a wanke. Illar wannan hanya ita ce tana bar maka nutirofil, waɗanda su ne mafi yawan fararen ƙwayoyi, kuma su da kansu suke fara mutuwa cikin yini guda a wajen jiki. Ta yi kyau don koyon hannu da gwajin awa biyu zuwa huɗu. Ga gwajin kwana ɗaya, mutuwarsu za ta rufe abin da kake aunawa.

4. Ƙirgawa da rabawa

Haɗa µl 10 na ƙwayoyin da µl 90 na ruwan Türk, ka cika gilashin Neubauer, ka ƙirga manyan murabba'ai huɗu na kusurwa. Raba jimlar gida huɗu, ka ninka da 10, ka sake ninkawa da 10,000. Misali, in jimla 160 ce, matsakaici 40, ke nan ƙwayoyi miliyan 4 a ml. Tsarma da RPMI mai ɗauke da kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin ɗan maraƙi har su zama miliyan 1 a ml, ka zuba rabin ml a kowane rami na farantin reno ko a bututu.

Ruwan jinin maraƙi yana da tsada kuma sai da sanyi ake kawo shi. Madadinsa shi ne ruwan jinin shi mai ba da jinin, a ɗumama a digiri 56 na minti 30, a juya a cire guda-gudan. Idan inkubetarka ba ta da iskar CO2, sayi RPMI mai HEPES, sinadari mai riƙe pH, ka rufe bututu ruf, ko ka sa farantin a tulun kyandir irin wanda ake renon wasu ƙwayoyin cuta a ciki. Jan launin RPMI shi ne mai gaya maka gaskiya: in ya koma shunayya, ruwan ya rasa tsaminsa, ƙwayoyin na wahala, in ya koma rawaya ya dagule, ƙwayar cuta ta shiga.

5. Zuba abin gwaji, da samfuran shaida

Narkar da busasshen abin da ka tatso daga ganye a DMSO, mg 100 a ml. In ka tsarma shi sau 1,000 a cikin ruwan ƙwayoyi, ka sami µg 100 a ml, DMSO kuma ya tsaya a kashi 0.1 cikin 100. Kar DMSO ya wuce kashi 0.5, don daga nan shi da kansa yake fara taɓa ƙwayoyi. Fara tsarmawa a RPMI ka tace da matatar 0.22 kafin ya shiga rami. Kowane ma'auni a yi masa ramuka uku.

Ga samfuran da ba a tsallakewa, ko da ƙwayoyin sun yi kaɗan. In dole ne a rage wani abu, a rage yawan ma'aunan magani.

Na ɗaya, ƙwayoyin da ba a zuba musu komai ba. Na biyu, waɗanda aka zuba wa DMSO zalla, daidai yawan da ke cikin maganin. Da wannan ake kwatanta sakamako, ba da na ɗaya ba. Na uku, ƙwayoyin da ka kashe da gangan, a ruwan zafi na digiri 60 na minti 20. Dukkansu su fito ja, in ba haka ba PI ɗinka ko matatarka na da matsala. Na huɗu, haɗin rabi da rabi na rayayyu da waɗanda ka kashe, don ka gwada idonka: in ƙirgarka ta yi nisa da hamsin-hamsin, gyara kafin ka taɓa sauran.

Na biyar shi ne wanda masu aikin ganye suka fi mantawa: ƙwayoyin da aka zuba wa magani mafi ƙarfi amma ba a shafa musu rini ba. Sinadarin da ke ba ganye launin kore yana ƙyalli da kansa, kuma ja yake bayarwa in shuɗin haske ya same shi. Ganyen da aka jiƙa a etanol ko metanol yana fitar da shi sosai. Yakan liƙe a jikin ƙwaya, mai ƙirga ya ga ja ya rubuta mutuwa. Ɓawon itace mai yawan sinadarin jima, irin na bagaruwa, shi kuma yana daskarar da furotin ɗin ruwan reno ya bar guda-guda masu kama rini. In wannan samfurin ya yi haske ba tare da rini ba, ƙara wanki sau biyu, kuma ka dogara ga launin cibiya kaɗai wajen hukunci.

Rena na awa 24 a digiri 37. In ana fargabar wuta za ta ɗauke da dare ba mai tayar da inji, gara a tsara gwajin awa 4 zuwa 6 a gama da rana, a kuma rubuta hakan a rahoto.

6. Shafa rini

Kwashe duk abin da ke cikin ramin, har da ruwan sama, domin matattu sukan yi yawo a ciki. Wanda ya zubar da shi ya zubar da amsarsa. Wasu ƙwayoyin, monosait, suna liƙe wa roba, sai ka ɗauraye gindin ramin da PBS mai ɗan sanyi ka haɗa. Juya a 300 g na minti 5, wanke sau ɗaya da PBS, ka narkar da dunƙulen a µl 100.

Rage hasken ɗaki, ka ja labule. Ɗebi µl 25 na ƙwayoyin ka ƙara µl 1 na ruwan rini. Idan fifet ɗinka ba ya auna µl 1 da gaskiya, tsarma ruwan rinin sau goma ka haɗa µl 10 da µl 10 na ƙwayoyi. Kusan wuri ɗaya za ka faɗa. Ɗiga µl 10 a gilashi, ka kwantar da murfi daga gefe ɗaya don kar kumfa ta shiga, kuma kar ka danna.

Samfuri ɗaya ake shafawa a lokaci guda, a karanta, sannan a shafa na gaba. Wanda ya jera gilasai goma sha biyu ya shafa su tare zai tarar na ƙarshe ya fi kowanne mutuwa, ba don magani ba, don jira. AO yana cutar da ƙwaya in haske ya same shi, ɗigon kuma yana bushewa daga gefe, balle da hunturu lokacin da iska ba ta da laima ko kaɗan. Ka gama da kowane gilashi cikin minti 10 zuwa 15. Sauran samfuran su jira a rufe a wuri mai sanyi, kuma ka cakuɗa jerin karantawa, kar kullum samfurin shaida ya zama na farko, mafi ƙarfin magani na ƙarshe.

Kar a kafe ƙwayoyin da metanol ko fomalin ko wuta kamar yadda aka saba a gwajin maleriya. Kafewa na huda tantani, kowa ya zama ja.

7. Karantawa

Nemo ƙwayoyin da farin haske na yau da kullum a 10×, ka koma 40×, sannan ka buɗe shuɗin haske. Duk sanda ka ɗaga ido don rubutu, rufe shi. Rinin yana dushewa a ƙarƙashin haske, kuma filin da ka daɗe a kansa ba ya komawa yadda yake. Da ma'aunin da aka bayar, za ka riƙa ganin ƙwayoyi wajen goma sha biyar zuwa ashirin a fili.

Iri huɗu za ka rarrabe. Rayayya lafiyayya tana da koriyar cibiya, zagayayya ko mai ɗan lanƙwasa, haskenta shimfiɗe. Wadda ta fara mutuwar tsari, wato afoftosis, har yanzu koriya ce, amma cibiyar ta tsuke ta yi haske ƙwarai, ko ta farfashe zuwa ƙananan dunƙulalle. Wadda ta yi nisa a wannan hanya cibiyarta a tsuke ko a farfashe, launinta ja ko ruwan lemo. Wadda ta mutu farat ɗaya kuwa ja ce, amma cibiyarta na nan da girmanta, wani lokaci ma a kumbure.

Abin da ke ruɗa sabon hannu shi ne ɗige-ɗigen ruwan lemo a gefen koriyar cibiya, musamman a manyan ƙwayoyi. Wannan AO ne ya taru a 'yan jakunkunan ƙwayar masu tsami, kuma alamar rai ce. Haka nan AO yana ba da ja in ya kama RNA. Cibiya ake duba. Ƙananan ɓurɓushi marasa siffa ba a ƙirga su. Zare mai haske da ya ratsa fili kuwa audugar tsumma ce ko ƙura; a watannin hazo a ajiye gilasai a rufe, a goge su da etanol da takardar goge ruwan tabarau, ba da gefen riga ba.

Ƙirga aƙalla ƙwayoyi 200 a kowane gilashi, kana tafiya a layi daga wannan gefe zuwa wancan, kana guje wa bakin murfi. Kar ka zaɓi filin da ya yi maka kyau. Mafi inganci, wani ya rufe sunayen bututun da lambobi, kai ka ƙirga ba ka san wanne ne wanne ba. Kason rayayyu shi ne adadin iri na farko a raba da jimla a ninka da 100. A samfurin da ba a zuba wa komai ba, sabbin ƙwayoyi su haura kashi 90. In sun gaza haka tun a ranar farko, matsalar tana mataki na uku, kuma babu amfanin ci gaba.

In za ka ɗauki hoto, daidaita kyamara a kan haɗin rabi da rabi, ka kulle wannan saitin ga dukkan samfura. Wayar hannu a kan maƙalin madubi tana yi, muddin an hana ta daidaita haske da launi da kanta. Manhajar ImageJ kyauta ce, tana taimakawa wajen ƙirga daga hoto.

8. In abin ya ƙi

Komai ya fito ruwan lemo har bayan fili: rini ya yi yawa, rage shi da rabi. Komai kore har da waɗanda ka kashe: ko matata ce, ko PI ya lalace. Komai ja har da samfurin shaida: duba PBS ɗinka, domin kuskuren awon gishiri yana fasa ƙwayoyi, sannan ka duba ko inkubeta ta wuce 37. Haske ya yi rauni: fitilar makuri ta tsufa, awoyinta 'yan ɗaruruwa ne kacal, shi ya sa ake ajiye littafin rubuta lokacin kunnawa da kashewa kusa da madubin. Ƙwayoyi sun ragu ƙwarai a ma'auni mafi ƙarfi amma ragowar kore ne: matattun sun narke sun ɓace, sai ka haɗa da ƙirgar Neubauer ka ba da rahoton jimlar ƙwayoyin da suka rage.

Wajen rubuta sakamako, a tsaya inda hujja ta tsaya. Wannan gwaji yana nuna hujewar tantani da siffar cibiya. Bai isa shi kaɗai a ce an tabbatar da afoftosis ba, sai an ƙara da wani gwajin kamar na aneksin V. Kuma jinin mutum ɗaya da aka raba ramuka uku har yanzu mutum ɗaya ne. A maimaita da jinin aƙalla mutum uku.

9. Zubar da shara

Bututu da bakin fifet da suka taɓa jini kaɗai a jiƙa su a ruwan bilic mai kashi 0.5 cikin 100 na kulorin. In na kasuwa mai kashi 3.5 ne, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa. Duba jikin robar. Duk abin da ya taɓa rini kuwa hanyarsa daban: ruwan a tara a kwalba mai alama, gilasai a akwatin allurai, safar hannu a leda ta musamman, a kai wurin ƙona sharar asibiti. Ba a zuba bilic a kan etidiyam buromaid, kuma ba a tuttular da shi a kwata. Garin gawayi na ɗakin gwaji yana tsotse rinin daga ruwa, sai a tace a ƙona gawayin.

In bincikenka na bin ƙwaya ne kwana da kwanaki

AO da PI hoton lokaci guda suke bayarwa, ƙwayar da aka shafa wa su ba ta komawa reno. Mai son sanin ko magani yana sa limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyi, su hayayyafa ko yana hana su, rinin CFSE zai nema. Ana shafa shi tun kafin reno, maikiromola 1 zuwa 5 a PBS marar furotin, minti 10 a digiri 37, sai a tsayar da shi da ninki biyar na RPMI mai ruwan jini, a wanke sau biyu. Yana liƙe wa furotin ɗin cikin ƙwaya, kuma duk sanda ta rabu biyu hasken ya ragu da rabi, har wajen rabuwa bakwai ko takwas. Ido ba ya iya auna wannan ragi a madubi, sai injin fulo saitomita, mai auna hasken ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, mai shuɗin leza na nanomita 488. Ka tabbatar da inda za a karanta maka, da ranar, da yadda samfurin zai isa can a sanyi a rufe daga haske, kafin ka sayi rinin.